Amsa ga ƙanenmu kan injin da ya ce yana ba kansa wuta

Assalamu alaikum jama'a. Ƙanena, na saurari muryarka, na kuma kalli bidiyon da ka turo. Bari in taƙaita wa waɗanda ba su buɗe ba: ya ɗauki batir mai bolt 12, ya jona masa moto, moton yana juya altaneta da bel, wutar da altanetar ta bayar kuma ya mayar da ita cikin batirin, sannan ya saƙala ƙwan fitila ɗaya. Ya ce abin ya yi awa takwas yana juyi bai tsaya ba, da ya kashe ya auna da safe kuma sai ya ga boltej ɗin ya ma ɗan hau. Tambayarsa ita ce, ko ya dace da janareta mara mai?

To ƙanena, da farko sannu da ƙoƙari. Haɗin nan naka ya yi tsaf, duk wanda ya iya saita bel haka ba ya rawa, hannunsa ya san aiki. Amma ba zan ɓoye maka ba, batirinka ne ke ciyar da komai, injin kuma cin wutar yake yi yana mayar da ƙasa da abin da ya ci.

Mu yi lissafi. Ka ce batirin mai amfiya 100 ne. Ka ninka da 12, wajen wat-awa 1,200 ke nan a cikinsa, wato wutar da ta kai a ja wat 1,200 na tsawon awa ɗaya. Ƙwan da ka sa mai wat 10 ne, a awa takwas ya sha 80 kacal. Ka ga ko kashi goma bai taɓa ba. Batir irin wannan zai ɗauki ƙwan da moton da ba ya jan kaya mai nauyi tsawon dare ba tare da ya nuna gajiya ba. Shi kuma hawan boltej da ka gani da safe, halin batirin ruwa ne. In ana jansa yana sauka, in ka sake shi ya huta sai ya farfaɗo ya ɗan hau. Mitar ba ƙarya ta yi maka ba, boltej ta auna, shi kuwa boltej shi kaɗai ba ya gaya maka daidai yawan wutar da ta rage. Masu haɗa irin injin Bedini, mai tayar keke da maganaɗisu da kwail, nan ne yawancinsu ke ruɗewa. Kwail ɗin yana harba wa batir ƙananan tartsatsin wuta masu boltej mai yawa, mita ta nuna batir ya cika, kana jona masa kaya sai ya zube nan take.

Yanzu a ce moton ya ja wat 100. Wani kaso zai tafi a zafin waya da gogar boris, a ce 80 ya rage. Bel ya ci nasa. Altanetar mota kuma ba ta da tattali, galibi kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari take mayarwa wuta. Abin da zai koma batir bai kai wat 50 ba. Kamar ka riƙa ɗibar ruwa daga randa da ƙwarya mai yoyo kana sake zubawa a randar ne, kowane zagaye raguwa take. Ka ɗora hannu a jikin moton bayan ya yi minti talatin. Ɗumin nan da za ka ji, wutar batirinka ce ke fita.

Akwai gwajin da nake so kowa a nan ya yi, don sai ka ji shi a yatsunka kake yarda. Ka samo ƙaramin moto na tsohuwar firinta ko motar wasan yara. Ka murza sandarsa da yatsu, za ka ji tana tafiya sakayau. Sai ka haɗa wayoyinsa biyu su taɓa juna, ka sake murzawa. Za ka ji ta yi nauyi, kamar wani ya riƙe ta daga ciki. Wannan shi ne abin da Heinrich Lenz ya bayyana a 1834: duk lokacin da janareta ya fara ba da wuta, wutar da kanta tana haifar da ƙarfin maganaɗisu mai turjewa juyin. Iya wutar da ka ɗiba, iya nauyin da za a ɗora wa mai juyawa. Ba a samu dabarar naɗin waya ko jerin maganaɗisu da ta tsallake wannan ba.

Su kuma masu bidiyon fankar kwamfuta da aka manna wa maganaɗisu tana juyi ita kaɗai, wallahi suna ɓata min rai, don yara masu hazaƙa suke yaudara su ɓata lokacinsu da kayansu. Maganaɗisu yana jawo ka, haka ne, amma ƙarfin da ya ba ka wajen shiga shi zai karɓe wajen fita. Shi ya sa duk wanda ya haɗa da gaskiya yake samun wani gurbi da tayar ke maƙalewa. Wanda nasa ke juyi a bidiyo, akwai ƙaramin batir a ɓoye ko iska na hurowa daga gefen da kyamara ba ta nuna ba.

Kuma abin ba yau aka fara ba. Tun wajen shekarar 1150 Bhaskara na Indiya ya zana wata taya da ya ce za ta yi ta juyi har abada. A 1775 cibiyar kimiyya ta Faransa da ke Paris ta ce ta daina duba irin waɗannan injuna gaba ɗaya. A Amurka an yi wani Charles Redheffer, yana karɓar kuɗin kallo. A 1813 a New York, injiniya Robert Fulton ya je, ya lura juyin yana sauri yana lafawa, irin na hannun mutum. Ya ɓalle wasu katakai, sai ga siririn bel ya bi ta bango har wani ɗaki a sama, inda ya tarar da wani tsoho zaune yana murza hannun injin. Na baya-bayan nan, kamfanin Steorn na Dublin ya sa talla a mujallar The Economist a 2006 yana ƙalubalantar masana. Aka zaɓi masana 22 su duba, a 2009 suka ce ba a nuna musu wani ƙarin makamashi ba.

Na san wani zai ce manyan kamfanonin mai ne ke danne abin. To ai ga sola nan. Rana tsaka tana zuba kusan wat 1,000 a kan kowace murabba'in mita, faranti mai kyau ya kama wajen kashi 20 cikin ɗari, kuma ana sayar da shi a fili ko'ina a duniya. Shi akwai inda wutarsa ke fitowa, shi ne bambancin.

Kada ka wargaza injinka tukuna, ga abin da za ka yi. Ka cika batirin da caja har ya ƙoshi, ka jona masa ƙwan shi kaɗai, ba moto ba altaneta, ka rubuta awa nawa ya yi kafin mita ta sauka zuwa bolt 11.8. Ka sake cika shi, ka jona ƙwan tare da injin, ka ƙirga lokacin zuwa 11.8 ɗin nan dai. In injin na ƙara wuta, zagaye na biyu zai fi daɗewa. In kuma kana son yanke gardama cikin minti ɗaya, yana tsaka da juyi ka cire batirin ka sa babbar kafasita, wato na'urar da ke riƙe wuta kaɗan na ɗan lokaci, a madadinsa, ka tsaya ka gani.

Don Allah ka sa fis kusa da kan batir, na ga wayar a tsirara take a bidiyon. Kada ka yi cajin a rufaffen ɗaki, batirin ruwa yana fitar da iskar haidirojin mai kama wuta, kuma ka nisanta hannun rigarka da bel ɗin. In ka gama ka turo mana lambobin biyu nan cikin gurup, da hoton mitar a farko da ƙarshen kowane zagaye, mu duba tare. Allah ya taimaka.