Wuri na gugar wuri: ƙashi ne ko dutse?

Wani mai karatu daga Maraɗi ya rubuto yana tambaya: wurin nan da ake cewa "wuri na gugar wuri", wanda kuma masu duba ke watsawa, ƙashi ne ko dutse?

Malam, ba ko ɗaya ba ne. Wuri ƙoƙon bayan wata 'yar dabbar teku ne, dangin dodon koɗi. Akasarin wanda kakanninmu suka yi ciniki da shi daga tsibiran Maldives ya fito, can tekun Indiya. Jam'insa a tsohuwar Hausa shi ne kuɗi, sunan da naira da sefa suka gada. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya shigo Kano a 1851, wuri 2,500 ake ba da dala guda ta azurfa, wuri 20,000 kuwa shi ne keso ɗaya, wato cikin buhun tabarma guda. Ka ga mai saye da keso dole kuɗinsa su yi ta gogar juna suna ƙara. Ma'anar maganar ke nan: kuɗi tsaba, masu yawa, a hannu.

Batun duba da adon 'yan bori kuwa, ado da ƙoƙon teku ya girmi ciniki da wuri nesa ba kusa ba, kuma ba mu muka fara ba. A kogon Blombos da ke gaɓar teku a Afirka ta Kudu an tono ƙananan ƙoƙunan teku da aka huda don a rataya, wasu da ɓurɓushin jar ƙasa a jikinsu, masu shekara kusan 75,000. Abin da ya fi kama hankalina shi ne na Yariko a Falasɗinu. A 1953 Kathleen Kenyon, masaniyar tonon kayan tarihi 'yar Birtaniya, ta tono ƙoƙunan kan mutane na kimanin shekara 9,000, an yaɓe musu fuska da farar ƙasa, an cusa ƙoƙon teku a gurbin ido, har da wuri. Masana da dama na ganin girmama magabata ake yi da su.

Wannan ya sa nake karkata ga masu cewa "ya yi wuri-wuri da ido" daga wannan wurin ya samo asali, wato idon marar gaskiya ya firfito fari fat. Hasashe ne dai. A kula kuma kada a haɗa shi da wuri na zama, karin sautinsu daban ne.