Sau 333 a daƙiƙa, da jirgin da na biya daga aljihuna

Ka tambaye ni ko in ka ɗaga saurin saƙo daga 50Hz zuwa 333Hz, wato daga sau 50 zuwa sau 333 a daƙiƙa, sarbo, ɗan na'urar da ke motsa sassan tuƙin ƙaramin jirgin rimot, zai ƙara gudu. Na so in yi maka shiru, don tambayar ta fama mini tsohon miki, amma jawo benci ka zauna.

Ba zai ƙara gudu ba, yaro. Gudun sarbo yana ga ɗan injin da ke cikinsa da giyarsa da ƙarfin wutar da ka ba shi. In kwali ya ce yana juya digiri 60 cikin 0.10 na daƙiƙa, iyakarsa ke nan. Abin da ka canja shi ne lokacin da umarni ke isowa gare shi. A 50 risiba, mai karɓar umarnin rimot a cikin jirgi, na aika masa saƙo sau ɗaya duk milisakan 20, a 333 kuwa duk milisakan 3. Maganar faɗin bugu, wato tsawon kowane saƙo, milisakan 1 zuwa 2 da 1.5 a tsakiya, ko mai share shagon nan ya sani.

Ga inda ake ƙonewa. Sarbo analog ba shi da ƙwaƙwalwar kansa, duk saƙon da ya shigo sai ya watsa wa injinsa wuta. An ƙera shi ya sha bugu hamsin a daƙiƙa, kai ka ɗura masa ɗari uku da ɗoriya, me kake jira? Sai ya kama rawa da gurnani, ya ɗau zafi, allon cikinsa ya soye. Dijital shi ke da ɗan kwakwalwar da ke tura injin kusan sau 300 a daƙiƙa da kansa, shi ya sa yake riƙe wuri gam kuma yake iya karɓar saƙo mai sauri.

Shekarun baya wani mutum ya kawo mini helikwaftar rimot ajin 450 in saita masa jairo, na'urar da ke daidaita jirgi a sama. Na tambaye shi sarbo ukun da ke karkata farfelar sama wane iri ne. Ya ce dijital ne, sababbi fil, har da rantsuwa. Sitikar jikinsu ma haka ta nuna. Na sa 333. A kan tebur na ji suna kuka, na ce ai dijital da ma haka yake waƙa. Ban ɗora yatsa na ji zafinsu ba, kuma wannan yatsan da ban ɗora ba har yau yana ci mini rai. Muka je fili, jama'a sun taru, ni ke riƙe da rimot. Bai cika minti uku a sama ba sarbo ɗaya ya ƙame, jirgi ya karkace ya daki ƙasa. Farfela ta tarwatse, sandar tsakiya ta lanƙwashe, giya ta zube haƙora.

Da na buɗe sarbon, warin ƙonewa ya bugi hancina. Na kankare sitika, sai ga wata lamba a ƙarƙashi, tsohon analog ne aka yi wa sabuwar riga. Na nuna masa. Buɗar bakinsa a gaban mutane sai ya ce ai ni ne gwani, me ya hana ni ganewa? Don kare sunana na sayi kayan gyara da kuɗina, ribar wata biyu ta tafi. Daga baya yaronsa ya gaya mini cewa mutumin ya san na hannu ne, da araha ya saye su. Na gyara masa jirgi, ko sannu bai ce ba. Na bar shi da Allah.

Ku yaran yanzu kuna kallon bidiyo a waya, duk lambar da ta fi girma ita kuke so. Jirgin koyo na soso da kake tashi da shi, 50 ta ishe shi, babban yatsanka ma bai kai saurin milisakan 20 ba. Inda sauri ke da amfani shi ne inda jairo ke gyara jirgi da kansa, musamman jelar helikwafta. Akwai sarbon jela mai tsakiyar bugu 760, wato milisakan 0.76, da ke karɓar har 560Hz, kada ka kuskura ka haɗa saitinsa da na mai 1520, wato milisakan 1.52. A rimot ɗin Spektrum ma, milisakan 11 na dijital ne, in akwai analog ko guda ɗaya a jirgin ka bar shi a 22. Kuma dijital na zuƙar wuta, in BEC ɗinka, mai ba risiba da sarbo wuta daga batir, ƙarami ne risiba za ta ɗauke maka a sama.

Buɗe durowar ƙasa, ƙonannen sarbon nan na ciki, ban yar ba. Ɗauko shi ka shinshina, sannan ka kawo wanda kake son sawa mu kankare sitikarsa.