Jama'a sun ce kar a rufe asibiti, an rufe: ina gwamnatin jiha take?

Tambaya: Assalamu alaikum malam. Ina zaune a New York, na bi labarin asibitin Beth Israel na Manhattan tun daga farko, mutanen unguwa sun yi zanga-zanga, sun je kotu, amma ƙarshe sai da aka rufe shi. Yanzu kuma ana ta raɗe-raɗin wai na unguwarmu ma yana tangal-tangal. Don Allah wai gwamnatin jiha ba ta da ikon hanawa ne? Kuma mu talakawa akwai abin da za mu iya ko dai ɓata lokaci ne kawai?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Ikon kam akwai shi, a dokar jihar New York asibiti ba ya tashi kawai ya garƙame ƙofa, dole ya ba ma'aikatar lafiya ta jiha sanarwar kwana 90, ya miƙa tsarin yadda zai rufe, ina marasa lafiya za su koma, ina za a kai fayil ɗinsu, sannan ya jira amincewa a rubuce. To amma ki lura da kyau, abin da ma'aikatar ta fi dubawa shi ne YADDA za a rufe ba tare da an bar mutane a tasha ba. Tana iya cewa ku dakata, tana iya cewa tsarin nan bai cika ba ku koma ku gyara, amma ba ita ke biyan albashin nas-nas da likitoci ba, kuma yawancin asibitocin birnin ba na gwamnati ba ne, na ƙungiyoyi ne masu zaman kansu. In mai asibiti ya ce aljihuna ya huje, takardar umarni ba za ta sayo magani ba. Nan ne gizo ke saƙa.

Shi kansa Beth Israel ɗin da kika ambata misali ne mai kyau. Mount Sinai, ƙungiyar asibitocin da ke da shi, sun sanar a 2023 cewa za su rufe a watan Yulin 2024, suka ce sun yi asarar sama da dala biliyan 1 cikin shekara goma. A Disambar 2023 ma'aikatar lafiya ta aika musu takardar su daina rufe sassa ba izini, mutanen unguwa suka shigar da ƙara, alƙali ya taka birki. Duk da haka a Yulin 2024 jiha ta amince da sharuɗɗa, ciki har da buɗe wurin duba marasa lafiya na gaggawa a kusa da kuma taimaka wa asibitin Bellevue da ke kusa ya faɗaɗa sashen imajansinsa, aka ci gaba da fafatawa a kotu har Afrilun 2025 aka rufe. Kin ga jama'a sun samu ƙarin wata tara da wasu sharuɗɗa, asibitin dai bai tsira ba.

Abin da ya fi ci min rai a harkar nan, wallahi, shi ne asibiti yakan mutu tun kafin a sa hannu a takardar mutuwarsa. Ranar da aka ce za a rufe, nas ɗin da ke da yara uku da kuɗin haya a wuya ba za ta zauna jiran hukuncin kotu ba, za ta nemi aiki wani wuri, kuma ba mai ganin laifinta. Likitan tiyata ya kwashe marasa lafiyarsa, sai ki hau hawa na biyar ki tarar an kashe fitilu an jera gadaje babu katifa, masu motar asibiti su fara wucewa da mutane gaba don sun san babu mai karɓa a nan. Bayan wata shida sai masu asibitin su je gaban hukuma da alƙaluma su ce ku duba, gadaje fanko, ma'aikata sun ƙare, barinsa a buɗe ma haɗari ne. Kuma a lokacin maganar ta zama gaskiya! Jami'in da ke riƙe da biro sai ya ga ba shi da zaɓi.

Me ya sa kuma kusan kullum asibitin talakawa ne ke faɗuwa? Inshora. Medicaid da masu ƙaramin ƙarfi ke amfani da shi yana biyan asibiti ƙasa da abin da inshorar kamfanoni ke biya a kan aiki iri ɗaya, ga dokar tarayya ta 1986 da ta wajabta wa sashen imajansi duba duk wanda ya shigo ko da ba shi da sisi. Dokar mai kyau ce, ta ceci rayuka ba adadi, amma asibitin da yawancin masu zuwansa talakawa ne zai cika maƙil da mutane yana kuma tafka asara. Sai ki haɗa da tsadar fili a birnin. St. Vincent's da ke Greenwich Village tun 1849 yake aiki, aka rufe shi a 2010 da bashin kusan dala biliyan 1, yau gidajen alfarma ne a wurin. Long Island College Hospital na Brooklyn ma haka, a 2013 har kama Bill de Blasio aka yi wurin zanga-zanga lokacin yana takarar magajin gari, ya ci zaɓe, a 2014 aka rufe asibitin aka sayar wa masu gine-gine, aka bar sashen imajansi kawai.

Wani abu da mutane da yawa ba su sani ba, dokar jihar da ta yi maganar taron jin ra'ayin jama'a cewa ta yi a yi shi cikin kwana 30 BAYAN an rufe. Ihu bayan hari ke nan. 'Yan majalisa sun zartar da ƙudurin da zai sa a saurari mutane kafin a yanke hukunci, Gwamna Kathy Hochul ta ƙi sa hannu a ƙarshen 2024. Ni a ganina wannan kuskure ne babba, don wanda zai ɗauki tsohuwarsa a tasi da tsakar dare ya fi kowa cancantar a ji ta bakinsa.

Amma kar ki ce ɓata lokaci ne. A Janairun 2024 aka fito da shirin rufe asibitin SUNY Downstate da ke tsakiyar Brooklyn, ƙungiyoyin ma'aikata da limaman coci da 'yan majalisar yankin suka taso tun a makonnin farko, daidai lokacin da ake tattauna kasafin kuɗin jiha a Albany, babban birnin jihar. Aka jingine shirin, aka kafa kwamitin ba da shawara, a 2025 jiha ta amince da zuba sama da dala biliyan 1 don gyara shi. Gaskiya ne shi na jiha ne, don haka matsin lamba ya fi saurin kama gwamna, amma darasin a fili yake: sun fara da wuri, kuma sun kai faɗan inda kuɗi yake. Kotu lokaci take saya muku, in ba a yi amfani da lokacin an samo kuɗi ko wanda zai karɓi asibitin ba, ranar rufewa kawai aka ɗaga.

To ke yanzu da naku yake matakin raɗe-raɗi, kin fi waɗancan sa'a. Ki sa ido kan ƙananan alamu, galibi da sashen haihuwa ake farawa ko na masu taɓin hankali ko na yara, don su ne ba sa kawo riba. Duk sashen da kuka ga an rage, ku rubuta wa ma'aikatar lafiya ku tambaya ko da izininta aka yi, ku ajiye kwafi, ku rubuta rana. Ku nemi ƙungiyar nas-nas ta asibitin, su ne ke fara sanin komai. Ku je ofishin ɗan majalisar jiha da sanatan jiha na yankinku, ba na tarayya ba, kuma ku je kafin a kammala kasafi, shekarar kuɗin jihar 1 ga Afrilu take farawa. In za ku yi magana kar ku tsaya a "muna son asibitinmu", ku zo da abin da jami'i ba zai iya kawar da kai ba, minti nawa motar asibiti za ta ƙara kafin ta isa na gaba, awa nawa mutane ke jira a imajansin can tun yanzu, mutum nawa ke wankin ƙoda a nan, wa zai yi wa wadda ba ta jin Turanci tafinta.

Sannan ko ana gwagwarmaya ki yi wa gidanki tanadi. Ki karɓi kwafin fayil ɗin duk mai ciwon da ke bin asibitin, haƙƙinki ne a doka, ki tambayi likitansa ina zai koma in abin ya faru, ki kira kamfanin inshorarki ki ji ko wancan wurin yana cikin waɗanda suke biya. Allah Ya ba ku nasara, in an sa ranar taron unguwa ki sake rubuto min mu duba takardun tare.