Tambayi Malamar Asibiti: Saran Maciji a Lokacin Kaka

Tambaya: Assalamu alaikum Malama. Bara lokacin cirar gyaɗa maciji ya sari ƙanena a diddige. Muka ɗaure ƙafar da ƙyalle, mai magani ya yi tsaga ya ɗora baƙin dutse. Kwana biyu yana cin tuwonsa, har yana cewa zai koma gona. A rana ta uku jini ya ɓalle masa ta hanci da baki, kafin a samu mota rai ya yi halinsa. A gida ana cewa jifa ne. Ga kaka ta sake zagayowa, hankalina ya ƙi kwanciya.
Wani manomi daga Balanga, Jihar Gombe

Amsa: Wa'alaikumus salam. Allah Ya jiƙansa, Ya ba ku haƙuri.

Malam, ban ga macijin ba, amma abin da ka zayyana aikin kububuwa ne. 'Yar ƙarama ce, kalar ƙasa, takan lafe cikin harawa ko ƙarƙashin dami, kuma ba banza aka laƙaba mata "gobe da nisa" ba. Dafinta yana cinye abin da ke sa jini ya daskare. Mutum na zaune yana hira, jinin cikinsa kuwa ya zama kamar ruwa. Kwana biyun nan da ƙanenka ya yi yana cin tuwo, dafin na can yana aikinsa.

Na taɓa karɓar wani makiyayi da ya shigo da ƙafarsa yana dariya, wai matarsa ce ta matsa masa ya zo. Na ce ya buɗe baki, sai ga jini na tsattsafowa daga dasashi. Muka ɗebi jininsa a busasshiyar kwalbar gilashi mai tsabta, muka ajiye minti 20 ba mai taɓawa. Da na karkata kwalbar, jinin ya zubo tsululu. Dariyar ta ɗauke. Aka ɗaura masa maganin kashe dafi ta jijiya, bayan awa 6 muka sake gwadawa, jinin ya yi guda.

Wannan magani daga jinin dawaki ko tumaki da aka saba wa dafin ake tace shi. Akwai EchiTAb-Plus da ake haɗawa a Kosta Rika da dafin macizan Najeriya, yana aiki kan kububuwa da kasa da gamsheƙa. Wani jikin kan ƙi shi, shi ya sa sai a asibiti ake bayarwa, ga ma'aikaci a tsaye. Ku kuwa asibitin saran maciji na Kaltungo yana jiharku.

Baƙin dutse ba ya zuƙe komai. Tsaga kuma ƙofa ce aka buɗe wa jinin da ba zai tsaya ba, ɗauri mai tsanani na iya ruɓar da ƙafa. In abin ya faru, Allah Ya kiyaye, a cire zobe da duk abin da ke matse gaɓar, a tallafe ta da sanda kamar karaya, a ɗora mutum kan babur ko mota. Kada a ɓata lokaci wajen farautar macijin, kada a ba shi asfirin. Ko an kwana biyu a kawo shi, maganin na iya tsayar da jinin.

Kafin ku shiga gyaɗar bana, ka sayi dogon takalmin roba da tocila, kuma ka riƙa juya harawa da sanda kafin ka sa hannu.