Tambayoyinku: Wane ne Charles Aznavour?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina koyon Faransanci, malaminmu ya ce mu riƙa sauraren Aznavour. Wane ne shi, kuma ta ina zan fara? Daga wata ɗaliba, Unguwar Rimi, Kaduna.

Amsa: Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Malaminku ya yi zaɓi mai kyau. An haifi mawaƙi Aznavour a Paris ranar 22 ga Mayu, 1924. Iyayensa Armeniyawa ne da suka yi ƙaura zuwa Faransa, sunan gidansu Aznavourian. Tun yana yaro yake hawa dandamali, amma bai sami karɓuwa da wuri ba, don masu sharhi sun yi ta kushe muryarsa cewa tana da dishi-dishi, shi kuma gajere ne. A 1946 shahararriyar mawaƙiyar Faransa Edith Piaf ta ja shi a jiki, ya yi shekaru yana mata direba da sakatare yana kuma rubuta waƙa. Sai a 1960, a zauren wasanni na Alhambra da ke Paris, ya yi suna sosai.

Ki fara da "La Bohème" ta 1965. Labari ne na mai zane da ya tsufa, yana tuna ƙuruciyarsa cikin talauci a unguwar Montmartre ta Paris. A dandamali yakan riƙe farin hankici kamar tsumman goge fenti, ya yar da shi a ƙarshe. Ki saurara sau biyu ba tare da kin duba rubutu ba, na uku da baitocin a gabanki, kina ja layi ƙarƙashin aikatau masu ƙarewa da -ais, -ait da -ions. Su ne ke nuna abin da aka saba yi a da, waƙar kuwa cike take da su.

Inda ɗalibai ke tuntuɓe shi ne harafin "e" na ƙarshen kalma. A magana ba a furta shi, amma mawaƙi yakan fito da shi don ya cike kiɗa. Kada ki kwaso wannan ki kai cikin hira.

Bai manta da asalinsa ba. Bayan girgizar ƙasar Armeniya ta Disamba 1988 ya tara mawaƙa suka yi waƙar neman agaji, a 2009 kuma ya zama jakadan Armeniya a Suwizalan. Ya yi wasansa na ƙarshe a Osaka ta Japan a Satumba 2018, ya rasu ranar 1 ga Oktoba yana da shekara 94.