Tambayoyinku: Mariƙin libarbata yana motsi, in ƙara ɗaurewa ko in sake wani?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Houston ta jihar Texas a Amurka, aikin gadi nake yi da lasisina, kuma ina da tsohuwar libarba, wato ƙaramar bindigar hannu mai ganga mai juyawa, Smith & Wesson Model 10 mai mariƙin katako. Kwanan nan duk sanda na je filin koyon harbi sai in ji mariƙin yana ɗan girgiɗi a tafin hannuna, na ɗaure sukurun har ya ƙi juyawa amma abin bai daina ba. Wani abokin aikina ya ce in ɗura masa super glue in huta. Ya ka gani? Daga Sani, Houston.

Amsa: Wa alaikumus salam Malam Sani. Don Allah ka ajiye maganar gam ɗin nan, kuma ka daina murɗa sukurun haka, ƙarfin da kake sa masa shi ne zai tsaga maka katakon. Kafin komai ka buɗe gangar da harsasai ke zama a ciki ka zazzage su, ka leƙa ramukan nan shida ɗaya bayan ɗaya da idonka, ka kai harsasan wani ɗaki daban, sannan ka zauna aiki.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba, sukurun nan ba shi ne ke hana mariƙi motsi ba, aikinsa kawai ya matse ɓarin katakon biyu a jikin ƙarfe. Abin da ke tsayar da su wuri ɗaya wani ɗan ƙaramin fin ne da ke can ƙasan gindin ƙarfen, ya leƙo ta hagu ya leƙo ta dama, kowane ɓari yana da ramin da fin ɗin ke shiga, sai kuma lanƙwasar da ke saman katakon wadda ke zama daidai cikin ƙarfe. In ɗayan waɗannan ya samu sarari, to ko ka ɗaure sukuru har ka gaji sai ya yi motsi. Katako kuma ka san halinsa, yana shan danshi ya kumbura, ya bushe ya tsuke, kamar yadda ƙotar fartanya ke sakin ruwanta da hunturu, ga Houston da laima a waje ga iyakwandishan a cikin gida, shekara da shekaru ana wannan kai-komon dole ya rage.

To ka cire ɓarin biyu ka duba. Da farko sukurun: in katako ya tsuke, sai ka ga zaren sukurun ya ƙare tun kafin ya matse komai, shi ya sa kake jin ya ɗaure tamau alhali mariƙin na rawa. Wannan mai sauƙi ne, ka sa ƴar siririyar wosha ko ƙaramin zoben roba a ƙarƙashin kan sukurun, in kuma tsininsa ne ya leƙo ta ɗaya gefen yana sukar hannu, ka rage shi kaɗan da magagari. Bayan nan ka haska tocila cikin ramin fin ɗin. In maimakon zagayayyen rami ka ga ya zama dogo dogo kamar ƙwai, ga inda matsalar take. Ka shafa kakin goge takalmi marar launi a jikin ƙarfen da fin ɗin sosai, kar ka yi rowa, ka kwaɓa ɗan gam mai bututu biyu irin su Araldite, ka ɗiga kaɗan cikin ramin katakon da tsinken sakace, ka mayar da mariƙin ka ɗaure a hankali, ka bar shi ya kwana. Kakin ne zai hana gam kama ƙarfe, da safe ka cire ka kankare abin da ya tsiyaya, za ka tarar ramin ya dawo daidai da fin. Bambancinsa da shawarar abokinka, wannan kana iya cire mariƙin duk sanda kake son goge bindiga, nasa kuwa sai dai a fasa katako.

Ka duba kuma ƴan zoben ƙarfen nan da aka dasa cikin katako inda sukuru ke shiga, in sun fara nutsewa ko katakon ya tsage a gefensu, yawan ɗaurewa ne ya jawo, kuma gaskiya a nan gara ka kai wa mai gyaran bindiga. In sukurun ne ke kwancewa da kansa bayan harbi, ɗigo ɗaya na Loctite shuɗi, wato gam ɗin hana sukuru kwancewa, ya isa, kar ka sa ja, shi ja sai da wuta ake kwance shi. Sukundirebarka ma bakinta ya cika tsagar sukurun cif, ta gyaran rediyo tana zamewa ta ƙwarzane katako.

Abu ɗaya da nake so ka riƙe da kyau: in ka cire mariƙin za ka ga wani sukuru a gaban gindin ƙarfen yana tokare da doguwar sifirin da ke tura gudumar bindiga. Wannan ba ruwanka da shi, a ɗaure yake zama. Wasu suna sassauta shi wai don kunama ta yi laushi, sai guduma ta rasa ƙarfin fasa harsashi, kai kuma mai gadi ne, ranka ne a kai. Kuma ko ka sake mariƙi kar ka yar da na asalin, a tsofaffin Smith & Wesson sau da yawa akwai lambar bindigar a buge a cikin ɓarin dama domin da hannu aka daidaita shi da ita, yana ƙara mata daraja.

Tambaya: Malam barka da aiki. Ni da maigidana muna Atlanta, ina da libarba Ruger SP101 a gida, amma hannuna ƙarami ne kuma in na harba sai tafina ya yi zafi. Wane mariƙi zan saya, na roba ko na katako? Daga Maman Hanifa.

Amsa: Barka kadai Hajiya. Ki fara da sanin cewa mariƙi ba ya shiga kowace bindiga. SP101 da babbar yayarta GP100 ba su da cikakken gindin ƙarfe irin na Malam Sani, wani ɗan turke ne kawai mariƙin ke zura kansa a kai, don haka na Smith & Wesson ba zai yi miki ba ko kusa. Su ma masu Smith ɗin sai sun duba girman jiki, akwai J ƙarama, K da L waɗanda mariƙinsu ɗaya ne, sai N babba, sannan a duba gindin zagayayye ne ko mai kusurwa, nan ne mutane suka fi asarar kuɗi a sayen intanet.

Ni roba zan zaɓa miki, irin na kamfanin Hogue ko Pachmayr, yana shanye bugun kuma ba ya santsi in hannu ya yi gumi. Amma kar ki ɗauka mafi kauri shi ne mafi kyau, duk abin da ya ƙaru a bayan mariƙi yana nesanta yatsanki da kunama, sai ki riƙa karkata hannu don ki kai, daga nan kuma saiti ya lalace kuma zafin ya koma gindin babban yatsa. Ki je shago ki gwada da bindiga wayam: bakin bindigar ya miƙe da damtsenki, gaɓar farko ta manuniya ta hau kunama ba tare da kin miƙe ba. Masu gurbin yatsu ma ki gwada tukuna, an fi yanka su da girman hannun maza. In kina amfani da abin lodin harsashi mai zuba biyar lokaci guda, ki tafi da shi ki ga ko gefen hagu na mariƙin bai tare masa hanya ba.

Aibin roba shi ne yana ɓoye gumi a ƙarƙashinsa, SP101 yawanci ƙarfenta marar saurin tsatsa ne amma duk da haka ki riƙa cirewa lokaci lokaci kina shafa ɗan mai. Kuma in taki mai cin harsashin .357 Magnum ce, tana cin harsashin .38 Special mai sauƙin bugu lafiya lau, ki koma kansa wajen atisaye, rabin zafin nan daga harsashi yake.

Tambaya: Malam mu da muke gida Najeriya fa, za mu iya mallakar irin wannan? Daga Aminu, Kaduna.

Amsa: Malam Aminu dokar nan daban take da ta Amurka. Dokar makamai ta 1959 ta sa libarba da fistol cikin makaman da aka haramta, shugaban ƙasa ne kaɗai ke da ikon ba da lasisinsu, kuma wanda aka kama da ita ba lasisi ɗauri ne mai tsawo. Bindigar farauta mai baki ɗaya ko biyu da bindigar toka su ne ake neman izininsu ta hannun ƴan sanda, in irin wannan kake nufi ka je hedikwatarsu ta jiha ka tambayi halin da ake ciki game da ba da lasisi kafin ka biya kowa ko kwabo.