Farin tabo ya fito a inda nake ajiye taba, ga ciki

Assalamu alaikum Anti. Ina aiki a masana'antar ɗinki, wani lokaci har da aikin dare. Da yawanmu mata muna cusa garin taba a ƙasan leɓe don ta kore mana barci da yunwa. Yanzu wani farin tabo ya fito daidai inda nake ajiye ta, ko na goge ba ya fita, dasashina ma ya ja baya. Ga shi ina da ƙaramin ciki. Ƙawayena sun ce tunda ba hayaƙi, babu illa. In na bar ta kaina sarawa yake, aiki ya gagara. Yaya zan yi?

Wata ƙanwarki

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Tabon nan shi ne abin gaggawa. Ki je likitan haƙori ya duba shi cikin makon nan. Ba kowane farin tabo ne ciwon daji ba, amma wasu daga nan suke farawa, kuma tun ba su fara zafi ba ake son a kama su. Duk tabo fari ko ja, ko gyambon baki da ya wuce mako 2 bai warke ba, sai an duba. In likita ya ce zai ɗan yanki wurin don gwaji, ki yarda. Kada ki mayar da tabar ɗaya gefen bakin, ɓarnar kawai za ta bi ta can.

Ƙawayenki ba su faɗa miki daidai ba. Tabar baki na ɗauke da aƙalla sinadarai 28 masu jawo ciwon daji, kuma cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar tana haddasa na baki da na maƙoshi. Kanwa ko tokar da ake haɗa ta da ita ce ke sa nikotin, sinadarin da ke sa mutum ya kasa rabuwa da taba, ya ratsa fatar baki ya shiga jini da sauri. Shi kuma nikotin matse jijiyoyin jini yake, har waɗanda ke ciyar da abin da ke cikinki. Daga nan ake samun bakwaini, ko jariri maras nauyi, wani lokaci ma ɗa ya mutu a ciki. Ki faɗa wa ma'aikatan lafiya gaskiya a wajen awon ciki, ba abin kunya ba ne.

Ciwon kan da kike ji na rashin nikotin ne, kuma yana wucewa. Ya fi tsanani a rana ta 2 da ta 3, ya lafa cikin mako 2 zuwa 4. Don haka ki tsara ranar dainawa yadda kwanakin nan za su faɗo a hutunki, ki zubar da ragowar tabar tun daren jajibiri. Sha'awar kan taso ne na 'yan mintoci ta kwanta. In ta taso ki kurɓi ruwa, ki tauna cingam maras sukari.

Yunwar da taba ke danne miki tana nan, mai ciki kuwa ba ta wasa da ita. Ki ci abinci kafin ki hau keken ɗinki, ki riƙe ɗan abin taɓawa na lokacin hutu. In gyangyaɗi ya kama ki, ki ɗaga ƙafa daga keken ki miƙe tsaye, kada allura ta ɗinke miki yatsa.

Akwai cingam ɗin nikotin na taimaka wa masu daina taba, mai miligiram 2 da mai 4, amma da ciki kada ki saya da kanki, sai likita ya amince ya faɗa miki adadi. In kin zame kin sa taba sau ɗaya, ki tofar, ki kurkure baki, ki ci gaba daga inda kika tsaya.